Tarihin Yaƙi da Kaifin Tunani a Zaɓen Fidda Gwani

Duk lokacin da zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa ya gabato, wato zaɓen cikin gida da jam'iyya ke yi don tsayar da wanda zai riƙe mata tuta, wata magana takan dawo bakin mutanen Katsina, cewa ƙasar nan ba ta da magani sai wanda ya taɓa shiga fagen daga. Dalilin maganar a fili yake, domin al'ummar da ta ga abin da 'yan bindiga suka yi wa Jibiya da Batsari da Safana da Faskari tana da hujjar neman shugaba mai ƙarfin hali. Abin dubawa shi ne ko tarihin yaƙi, a karan kansa, yana iya nuna yadda mutum zai yanke hukunci idan ya hau kujerar mulkin farar hula, kuma da wuya a samu garin da ya kai Katsina tarin misalan da za a auna wannan tambaya da su.

Shehu Musa 'Yar'aduwa ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya kuma zama na biyu a gwamnatin soja daga 1976 zuwa 1979, amma nasarar da ya samu a zaɓen fidda gwani na jam'iyyar SDP a 1992, wanda gwamnatin Babangida ta soke, ta fito ne daga shekarun da ya ɗauka yana ƙulla abota da 'yan siyasar kudu da arewa. Ƙanensa Umaru Musa 'Yar'aduwa, malamin kimiyyar sinadarai da bai taɓa sa kaki ba, shi ya lashe zaɓen jam'iyyar PDP a Abuja a Disamban 2006 da ƙuri'u 3,024, alhali Janar Aliyu Gusau, wanda ya daɗe yana ba shugabanni shawara kan tsaro, ya samu 271. Shi kuwa Muhammadu Buhari ya samu ƙuri'u 3,430 a zaɓen APC da aka yi a Legas a Disamban 2014, inda Rabi'u Kwankwaso ya samu 974, Atiku Abubakar kuma 954, kuma babban jarinsa a lokacin shi ne sunan da ya yi a aikin soja, musamman korar dakarun Chadi daga tsibiran Tafkin Chadi a 1983.

Abin da ya biyo baya ya fi ƙuri'un koyarwa. Umaru, farar hula, shi ne ya yi shelar afuwa ga tsagerun Neja Delta a Yunin 2009, matakin da ya rage fasa bututun mai ya kuma farfaɗo da haƙo shi, amma a zamaninsa ne kuma aka kashe jagoran Boko Haram Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Maiduguri a Yulin shekarar, kisan da ya ƙara wa Boko Haram wutar ramuwa. Gwamnatin Buhari ta ci gaba da ƙwato garuruwan Borno daga hannun masu tayar da ƙayar baya, amma a Disamban 2020, Buhari yana gida a Daura, aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A wajen Katsina ma, Olusegun Obasanjo, wanda ya karɓi miƙa wuyan Biyafara a Janairun 1970 ya kuma doke Alex Ekwueme a zaɓen PDP na Jos a 1999, shi ne a mulkinsa sojoji suka ragargaza garin Odi a Nuwamban 1999 da Zaki Biyam a Oktoban 2001. Kowane ɗayansu ya yi daidai a wani wuri ya kuskure a wani, kuma sa kaki ko rashinsa bai bayyana ko ɗaya daga cikin sakamakon nan ba.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne haɗa jarumta da kaifin tunani a ma'auni guda. Kwamanda yana aiki ne da umarni, abokin gabarsa sananne ne, kuma waɗanda ke ƙarƙashinsa ba su da ikon musu, alhali shugaban farar hula yana fama da majalisa da kotuna da gwamnoni 36 da kasafin kuɗi, kuma sau da yawa wanda ake yaƙa ɗan ƙasa ne da talauci da rashin adalci da satar shanu suka taimaka wajen tura shi daji. Saurayin da ya iya korar shanu daga gona ya cancanci yabo, amma ba lallai ne ya iya raba gardamar burtali tsakanin manomi da makiyayi yadda ba za a sake zubar da jini baɗi ba. Saboda haka tambayoyin da suka dace su ne waɗanda tarihin mutum zai iya amsawa: wane ne ya naɗa a muƙami, ko ya taɓa sauke wanda ya gaza, ko yana sauraron shawarar da ba ta yi masa daɗi ba, da kuma yadda ya yi da hukuncin kotu idan ya saɓa wa ra'ayinsa.

Dokar Zaɓe ta 2022 ta ba jam'iyyu hanyoyi uku, wato 'yar tinƙe, inda kowane ɗan jam'iyya ke jefa ƙuri'a, da zaɓen daliget, inda wakilai kaɗan ke yi a madadin saura, da kuma maslaha, inda sauran 'yan takara ke janyewa a rubuce. A zaɓukan 2022 manyan jam'iyyu biyu sun bi hanyar daliget, aka kuma yi ta ƙorafin cewa umarnin gwamnoni da kuɗi sun fi duk wata muhawara tasiri. Muddin daliget zai tafi Abuja ba tare da mutanen mazaɓarsa sun tambaye shi wa zai zaɓa da kuma dalilinsa ba, gardamar soja ko farar hula za ta tsaya a majalisun hira, a yanke hukuncin a wani wuri daban.