3.4 Kifin Golden Shiner: Siffarsa da Ma'anar Sunansa

3.4.1 Gabatarwa

A wannan sashe za a duba wani ɗan ƙaramin kifi na ruwan daɗi wanda Amurkawa ke kira golden shiner. An zaɓe shi ne domin sunansa misali ne mai kyau na yadda mutane ke raɗa wa halitta suna bisa abin da ido ya gani, da kuma yadda irin wannan suna ke iya ɓatar da wanda ya dogara da shi kaɗai. Za a fara da bayanin kifin, sannan a feɗe sunayensa biyu, wato na gama-gari da na kimiyya.

3.4.2 Muhalli da Siffa

Asalin wannan kifi gabashin nahiyar Amurka ta Arewa ne, tun daga kudancin Kanada har zuwa jihohin Florida da Texas. Ya fi son ruwa mai kwanciya wanda ciyayi suka yi yawa a cikinsa, kamar tafki da kududdufi da gefen kogin da ba ya gudu da ƙarfi. Yana jure zafi da gurɓataccen ruwa fiye da kifaye da dama. Tsawonsa yakan kama daga santimita 7 zuwa 12, ko da yake akan sami wanda ya kai 30. Jikinsa a matse yake ta gefe da gefe, bakinsa ƙarami ne mai kallon sama, kuma layin da ya ratsa gefensa ya lanƙwaso ƙasa sosai. Babbar alamarsa ita ce wani siririn tudu na tsoka a ƙarƙashin cikinsa, wanda babu ɓawo a kansa. Abincinsa ƙananan halittun ruwa ne da ƙwari da gansakuka. Macen takan zuba ƙwai masu danƙo a kan ciyayi ta tafi abinta, wani lokaci ma a sheƙar wani kifin take zubawa, shi ya yi mata gadi.

Amfaninsa ga mutane shi ne ɗana ƙugiya. Masu fatsa sukan maƙala shi da ransa domin ya jawo manyan kifaye. Saboda haka ake kiwonsa a gonakin kifi, musamman a jihar Arkansas.

3.4.3 Sunan Gama-gari

Sunan ya ƙunshi kalmomin Ingilishi biyu. Ta farko, golden, tana nufin mai ruwan zinariya. Ta biyu, shiner, an samo ta ne daga aikatau mai ma'anar yin ƙyalli, aka ƙara masa ɗafa-ƙeya mai nuna mai aikatawa. Ke nan ma'anar sunan ita ce mai ƙyalli irin na zinariya.

Sai dai idan aka lura, za a ga sunan yana da rauni ta fuskoki biyu. Na farko, ba kowane lokaci ne kifin ke da ruwan zinariya ba. Ƙananansa ruwan azurfa gare su, da wani ratsi mai duhu a gefe, sai sun girma launin zinariyar ke fitowa. Ga shi kuwa ƙananan aka fi saye domin fatsa. Wato dai mai saye yakan nemi kifi mai ruwan zinariya, a miƙo masa fari, kuma ba a cuce shi ba.

Na biyu, kalmar shiner suna ce da aka yi wa ƙananan kifaye masu ƙyalli da yawa a Amurka, ciki har da 'yan rukunin da masana ke kira Notropis. Wanda ya ji sunan zai ɗauka duk 'yan gida ɗaya ne. Amma binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa wannan kifi ya fi kusanci da wasu kifayen Turai da Asiya a kan waɗannan maƙwabta nasa. Ashe ƙyalli ne ya haɗa su suna, ba jini ba.

3.4.4 Sunan Kimiyya

A wurin masana sunansa Notemigonus crysoleucas. Wani likita kuma masanin halittu na birnin New York, Samuel Mitchill, shi ya fara siffanta shi a 1814 da sunan Cyprinus crysoleucas. A 1819 Constantine Rafinesque ya ƙirƙiro sunan rukunin Notemigonus, wanda wannan kifi ne kaɗai a cikinsa. Duka kalmomin biyu daga Girkanci suke. Ta farko haɗi ce ta kalmomi uku masu ma'anar baya da rabi da kusurwa, tana nuni ga ƙirar bayan kifin. Ta biyu haɗi ce ta zinariya da fari. A nan za a iya cewa sunan kimiyya ya fi na gama-gari adalci, domin ya ambaci launukan biyu.

Wani abin lura shi ne rubutun kalmar. Bisa al'ada akan sa harafin h bayan c a kalmar Girkanci ta zinariya, amma Mitchill bai sa ba. Da yake ƙa'idar sunayen dabbobi ta fifita rubutun asali, haka aka bar shi.

3.4.5 Illar Dogaro da Kama

Akwai wani kifin Turai mai suna rudd wanda ya yi kama da wannan kifi ƙwarai. An yi kiwonsa a Amurka a shekarun 1980, aka riƙa sayar da shi domin ɗana ƙugiya, ta haka ya shiga ruwayen da ba nasa ba. Mai duba launi kawai zai iya rikita su. Abin da ke raba su shi ne tudun nan na ciki: na rudd yana da ɓawo, na golden shiner ba shi da shi. Wannan ya gaskata maganar Hausawa cewa kama da wane ba ta wane.

3.4.6 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa sunan gama-gari ya tsaya ne ga siffar zahiri, bai kula da shekarun kifin ko danginsa ba. Wannan ɗabi'a ba ta Turawa ba ce kaɗai, domin Bahaushe ma ya ce giwan ruwa, alhali girma kawai ya duba. Kasancewar babu wannan kifi a ruwayen ƙasar Hausa, ba shi da suna a harshen. Ra'ayin wannan nazari shi ne, idan buƙatar fassara ta taso, a kira shi ɗan ƙyalli mai ruwan zinariya, amma a haɗa da sunan kimiyya, don kada fassarar ta gaji ruɗanin da ke cikin sunan na asali.