Tsohuwar bindiga ba tsarabar Makka ba ce



Duk lokacin Hajji ko Umara ana tashi da maganar tsaraba. Kwanan nan wata tambaya ta yawaita a bakin samari: idan mutum ya ga tsohuwar bindiga a Saudiyya, irin ta adon ɗaki, zai iya saye ya taho da ita? Amsarmu ita ce a'a. Ga dalili.

Bindigar da aka fi tambaya a kai ita ce wadda muke kira pamp-akshin. Ana jan hannunta na katako baya, ta tofar da kwankon harsashi, a tura gaba, ta ɗauki sabo. Shahararriya cikin tsofaffin ita ce Winchester 1897, wadda John Browning ya tsara a Amurka, aka yi ta ƙerawa har 1957. Tana da wani hali mai haɗari: idan yatsa na danne da kunama aka tura hannun gaba, nan take sai ta tashi. Tsufa bai cire mata wannan ba.

A Makka kuwa maganar ta fara ne daga addini. Imam Muslim ya ruwaito hadisin Jabir wanda ya hana ɗaukar makami a Makka, malamai kuma suka bayyana cewa hanin na kan wanda ba shi da larura. Farauta ma haramun ce a cikin Harami, haka ga wanda ke cikin ihrami. To me alhaji zai yi da bindigar farauta a can?

Hukumar Saudiyya ba ta wasa da wannan. Ranar 20 ga Nuwamba 1979, mutanen Juhaiman al-Utaibi suka shigar da makamai Masallacin Harami suka mamaye shi. Sai da aka yi mako biyu ana faɗa, ɗaruruwan mutane suka mutu. A yau dokar makamai ta 2005 ce ke aiki, kuma Ma'aikatar Cikin Gida ke ba da lasisi. Dokar ta ambaci makaman tarihi ma, ba ta bar su sakaka ba. Baƙo mai bizar ibada da aka kama da bindiga ba zai kuɓuta da cewa "ai tsohuwa ce" ba.

Wasu za su ce sun ga Larabawa na wasa da bindiga. Gaskiya ne, a Ɗa'ifa, cikin lardin Makka, akwai wasan Ta'ashir: mutum ya yi tsalle ya harba albarushi ƙarƙashin ƙafarsa. Bindigar ɗuri ce ta gado, babu harsashi a ciki, kuma al'adar 'yan ƙasa ce. Mu namu kallo.

Haka zancen yake a nan gida Ghana. Dokar makamai ta 1972 ta wajabta rajistar bindiga wajen 'yan sanda, lasisin kuma ana sabunta shi kowace shekara. Sunan mutum ɗaya ne a kan takardar. Idan baba ko kaka ya rasu ya bar bindiga a bayan ƙofa, takardarsa ba ta rufe ɗansa ba.

Don haka muna roƙon iyayenmu: wanda ke da irin wannan gado a gida, ya sanar da Sarkin Zango ko limami, a raka shi ofishin 'yan sanda, a gyara takarda ko a miƙa bindigar. Kafin nan a kulle ta nesa da yara, harsashi kuma a wani wurin daban. Mu matasa, kada mu fito da ita a hawan Sallah ko biki don a gan mu. Harbi ɗaya cikin taro ya isa ya jefa gida biyu cikin makoki.

Mahajjatanmu, dabino da Zamzam da tasbaha sun ishe mu. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo mana da ku lafiya.