Ciwon Ido Wanda Ba Shi Da Zafi

Akwai wani ciwon ido wanda ya bambanta da hakiya da yana, gama su ana ganinsu daga waje, shi kuwa a ɓoye yake. Can cikin ido, daga baya, akwai wani tantani mai laushi wanda shi ke karɓar haske, jijiyoyin jini kuwa sun ratsa shi, sirara kamar zaren gizo. Idan suka kumbura sai su riƙa yoyo, wasu su toshe.

Mai wannan ciwo yakan ga ɗige-ɗige baƙaƙe suna shawagi gabansa kamar ƙudaje, ko ya ga hazo ba lokacin hunturu ba. Da yake ba zafi, galibi ba ja, sai ya tafi Kasuwar Kurmi ya sayo kwalli. To, kwalli iyakarsa bakin ido, ina zai kai can?

Likita yakan ɗiga magani baƙin ido ya buɗe, kana ya leƙa da wani madubi mai fitila, irin wanda Bajamushe Helmholtz ya fito da shi a 1851. Wani lokaci akan zuba rini a jijiyar hannu, a ɗauki hoton ido yayin da rinin ke wucewa. Marinan Ƙofar Mata ba sa bukatar bayani: inda tukunya ta tsage, nan baba ke tsatsa. Fitsari zai yi rawaya kwana ɗaya ko biyu, kada wannan ya tsorata ka.

Amma ka sani, sau da yawa tushen abin yana cikin jiki. Tarin fuka yakan jawo shi, haka tunjere da ƙanjamau. Ciwon sukari da sikila kuma sukan yi kama da shi. Don haka ake auna jini, a ɗauki hoton ƙirji. Maganin kumburi, watau prednisolone, yana da ƙarfi ƙwarai, amma in an sha shi alhali tarin fuka na kwance, sai ya tashe shi. A ganina ba ƙaramin ganganci ba ne mutum ya saye shi a kemis da kansa. Mai tarin fuka sai ya yi wata 6 ko fiye yana shan magani, mai tunjere a yi masa allurar penisilin, wuraren da jijiya ta toshe kuma a ƙona su da hasken lesa don kada jini ya ɓalle cikin ido.

A Kano ana duba ido a Asibitin Murtala, cikin birni, da Asibitin Malam Aminu Kano, da asibitin ido na Mishan a Sabon Gari, wanda aka buɗe a 1943. Ka tafi da ɗan jagora, domin maganin da za a ɗiga maka zai dushe ganinka na 'yan sa'o'i.