Yadda Aka Saukar da Jirgin Marasa Lafiya Bayan Injinansa Biyu Sun Mutu

Ran 9 ga watan Mayu na shekarar 2019 wani ƙaramin jirgin sama samfurin Cessna Citation 550 ya tashi daga garin Naples na Jihar Florida, a kudancin Amurka, ya nufi Niagara Falls, can arewa kan iyaka da Kanada. Jirgi ne na ɗaukar marasa lafiya, watau motar asibiti ta sama. Mutum 7 ne a cikinsa: matuƙa 2, ma'aikatan jinya 2 da fasinja 3. Kafin ya iso Naples ya sha mai a filin jirgin saman Punta Gorda, kuma babu wanda ya ga wani abin zargi a man.

An yi tafiyar kamar awa ɗaya da minti 20, jirgi yana tsayin ƙafa 35,000, sai babban matuƙi ya lura injin hagu ba ya tsayawa inda aka sa shi. Ya ƙara masa wuta, jim kaɗan allura ta koma ƙasa. Ya sāke, ta sāke komawa. Daga nan injin ya shiga yin sanyi sannu a hankali. Da dabarar farfaɗo da shi ta ƙi, sai suka nemi izni daga masu kula da zirga-zirgar jirage su rage tsayi, sa'an nan da suka ga ma'aunin baƙin mai ya faɗi, suka kashe injin baki ɗaya.

Mutuwar inji ɗaya a jirgi mai inji biyu ba ita ce ƙarshen tafiya ba. Ba a ba irin wannan jirgi takardar iznin aiki sai an tabbatar zai iya tafiya, har ya sauka, da inji guda. Abin da ake koya wa matuƙi tun yana makaranta shi ne ya fara riƙe jirgin sosai, sa'an nan ya san inda ya dosa, kana ya yi magana da na ƙasa. Ɗaya ya tuƙa, ɗayan ya buɗe littafin ƙa'idoji ya riƙa karantawa layi layi, ana aikatawa. Ana yin haka ne domin mutumin da ya firgita yana iya kai hannu ya kashe lafiyayyen inji ya bar mai ciwo, kuma an sha ganin haka a tarihin sufurin sama.

Matuƙan nan ba su tsaya lissafin ko inji ɗaya zai kai su Niagara Falls ba. Suka juya akala zuwa filin jirgin saman Savannah a Jihar Georgia, wanda yake kusa da su. A nan ne suka yi abin da ya ceci ran mutum 7, tun kafin babbar matsalar ta bayyana. Injinan jirgi biyu ne, amma man da suke sha daga mota ɗaya aka zuba shi. Idan inji ya mutu ba a san dalili ba, mai hankali ba ya sakin jiki da ɗan'uwansa.

Haka kuwa aka yi. Suna gangarowa, sun iso tsayin ƙafa 8,000 suna shirin sauka da inji guda, sai na dama shi ma ya daina amsawa, ya bi sawun na hagu. Babban matuƙi ya sanar da masu hasumiya cewa suna cikin halin gaggawa.

Mai karatu zai iya zaton jirgin da ba inji faɗowa yake yi kamar dutse. Ba haka ba ne. Muddin an sunkuyar da hancinsa kaɗan ya riƙe gudun da ya dace, fikafikansa suna ci gaba da ɗaukarsa, kamar yadda shirwa take shawagi ba ta kaɗa fiffike. A ƙiyasi, ƙaramin jirgi irin wannan yana iya cin kusan mil 2 a kan kowace ƙafa 1,000 da ya sauko. Tsayin da ya rage shi ne guzurin matuƙi, kuma guzuri ne da ba a ƙara shi. In ya iso bakin titi da tsayi fiye da kima zai zarce, in ya kasa zai faɗi kafin ya kai, kuma babu halin ya kewayo ya sāke gwadawa. Wani abin da ya taimaka shi ne ƙirar Citation kanta: sitiyarinsa da igiyoyin ƙarfe yake juya fiffike da wutsiya, ba ya jiran inji, batir yana riƙe rediyo da ma'aunai na ɗan lokaci, sa'an nan akwai tulun iskar naitirojin da aka tanada don sauke ƙafafu da taka birki idan komai ya ƙi.

Suka miƙe sosai ba kewaye, suka dira a titi mai lamba 19. Ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Sai dai mota aka kawo ta ja jirgin daga kan titi.

Wanda yake son ya san darajar wannan saurin yanke shawara ya dubi abin da ya faru ran 14 ga Oktoba 2004. Wasu matuƙa biyu na kamfanin Pinnacle sun ɗauko jirgi samfurin CRJ-200 mai kujera 50, ba fasinja, daga Little Rock za su Minneapolis. Don nishaɗi suka hau da shi har ƙafa 41,000, iyakar tsayin da aka yarje masa, gudu ya ragu, injinan biyu suka mutu. A lokacin akwai filaye 6 da za su iya kaiwa da shawagi. Amma suka ce wa na ƙasa inji ɗaya ne ya mutu, suka shafe fiye da minti 10 suna ta fama da tayar da injinan da cikinsu ya riga ya cije. Kafin su faɗi gaskiya tsayi ya ƙare. Jirgin ya faɗi kamar mil biyu da rabi kafin filin Jefferson City a Jihar Missouri, su biyun suka rasu. Sun fi matuƙan Savannah tsayi nesa ba kusa ba, amma suka kashe shi wajen ɓoye laifi.

Da Hukumar Binciken Haɗurran Sufuri ta Amurka, watau NTSB, ta bi diddigin lamarin Savannah, sai ta tarar laifin ba na inji ba ne. Wasu ƙananan jirage ba su da na'urar ɗumama mai, saboda haka ake haɗa man da wani magani mai hana ruwan da ke ciki daskarewa a sanyin sama. Akwai kuma wani ruwa dabam da ake kira DEF, wanda ake zuba wa manyan motocin dizal na zamani, har da motocin dakon mai na filin jirgi, don rage gubar hayaƙi. Kusan kashi ɗaya cikin uku nasa yuriya ce, wadda manomi ya sani a takin zamani, sauran kuwa ruwa ne. Da shi da maganin daskarewa duk farare ne tas, ido ba ya raba su. Wani ma'aikaci a Punta Gorda ya ga robobi biyu kusa da juna, ya haɗe abin da ke cikinsu a kan zaton abu ɗaya ne, ya zuba a tankin maganin da ke jikin motar mai. Yuriya ba ta narkewa a man jirgi, ƙanƙara take zama kamar gishiri, ta toshe matata da bututun da ke kai mai cikin inji.

A ranar nan wani Citation ɗin da ya sha daga motar guda, yana hanyar Chicago, shi ma inji ɗaya ya mutu masa, ya sauka lafiya a Louisville ta Jihar Kentucky. Kuma ba shi ne karo na farko ba: an yi irin wannan kuskure a Omaha cikin Nuwamba 2017, da Opa-locka ta Florida cikin Agusta 2018, inda wani jirgi samfurin Falcon 900 ya rasa biyu daga cikin injinansa uku. Cikin watan Yuli na 2019 hukumar ta fitar da takardar gargaɗi ga masu sayar da man jirgi, ta ce a rubuta suna ɓaro-ɓaro a jikin kowace roba, kuma a raba wa ruwan biyu wurin ajiya.