Ciwon da Wurin Aiki Ke Haifarwa

A watan Disamba na 2019 wata kotu a birnin Paris ta yanke hukuncin da ba a saba jin irinsa ba. Ta samu kamfanin sadarwa na France Télécom, wanda yanzu ake kira Orange, da tsohon shugabansa Didier Lombard da laifin gallaza wa ma'aikata. Kamfanin ya ƙudurta rage mutum 22,000, kuma da yake doka ta hana korar da yawansu kai tsaye, sai aka shiga ƙuntata musu. A canja wa mutum gari ba shawara, a cire shi daga aikin da ya ƙware a kai, a ɗora masa abin da ba zai iya cimma ba, har ya gaji ya ajiye aikin da kansa. Tsakanin 2008 da 2009 ma'aikata 35 suka kashe kansu. Abin da kotun ta tabbatar shi ne tsarin aiki kansa na iya jikkata ƙwaƙwalwar mutum, kuma wanda ya tsara shi yana da alhaki.

A nan gida har yanzu ba mu yarda da wannan ba. Idan ma'aikaci ya fara makara, ya daina shiga mutane, ya zama mai saurin fushi, a ofis sai a ce ya lalace ko ya yi girman kai, a miƙa masa takardar tuhuma. A gida kuma a ce sammu ne ko shafar aljanu. Da wuya a sami mai tambayar me aikin yake yi masa. Dubi matashiyar da banki ya ɗauka aikin kwantiragi, aka yanka mata miliyoyin da za ta kawo a wata. Tana yini a rana daga shago zuwa shago a Kantin Kwari tana roƙon 'yan kasuwa su buɗe asusu, da safe kuma a tsayar da ita gaban abokan aiki a karanta abin da ta gaza kawowa. Ko maigadin da ke kwana a bakin ƙofa har wata ya ƙare ba hutun kwana ɗaya, ko leburan da ke haɗiyar tiramol don ya iya ɗaukar bulo har magariba. Waɗannan ba ragwaye ba ne. Aikin ne yake cin su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 15 cikin ɗari na manya masu shekarun aiki suna fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma ciwon damuwa da na fargaba kaɗai suna jawo asarar ranakun aiki biliyan 12 a shekara, abin da ya kai kimanin dala tiriliyan ɗaya. Wani binciken da ta yi tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ya nuna mutum 745,000 suka mutu a 2016 da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki saboda aikin awa 55 ko fiye a mako. Ko mai kamfanin da ribarsa kaɗai ta dame shi ya kamata ya tsaya a kan waɗannan alƙaluma, domin akawun da bai yi barci ba shi ne ke kuskuren lissafi, direban da hankalinsa ke kan bashin haya shi ne ke kifar da mota.

A ganina gyaran yana farawa daga albashi. Babu laccar da za ta kwantar da hankalin malamin makarantar kuɗi da ya shiga wata na uku ba a biya shi ba, mai shago ya daina ba shi bashi, 'ya'yansa an koro su daga tasu makarantar. Biyan haƙƙi kan lokaci ya fi duk wani taron wayar da kai da za a shirya a otal. Bayan shi sai lokacin tashi. Tun 2017 dokar Faransa ta amince ma'aikaci yana da 'yancin kashe waya bayan aiki, mu kuwa oga na iya turo saƙo ta WhatsApp ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ya kuma yi fushi idan bai ga amsa ba.

Sai babban al'amarin, wato shugaban da ke kan ma'aikaci kai tsaye. Shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 sun ba da ƙarfi kan horar da manajoji, kuma dalilin a fili yake: shi ne ke ganin mutum kullum. Shi zai fara lura cewa Malam wane, da aka sani da raha, ya kwana biyu ba ya magana. Abin da ake so ya koya ba aikin likita ba ne. Ya ja shi gefe, ya ce, "Malam, lafiya kuwa? Na ga kwanan nan kamar da abin da ke damunka," ya saurara, sannan ya riƙe sirri. Riƙon sirrin nan shi ne ginshiƙi, domin a garin da sunan asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ya zama abin zolaya, wanda aka ji ya ga likitan ƙwaƙwalwa na iya rasa ƙarin girma, har ma da aure.

A nan gida doka ma ta fara motsawa. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta sanya matsin ƙwaƙwalwa da aiki ya haddasa cikin abin da ake biyan diyya a kai, kuma a Janairun 2023 aka sanar da sa hannun Shugaba Buhari kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Amma likitocin fannin 'yan ɗaruruwa ne ga mutane sama da miliyan 200, kuma asibitoci irin na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, sun yi wa yawancin ma'aikata nisa. Don haka kamfanin da ke da hali ya tabbatar inshorar lafiyar da ya yi wa ma'aikatansa ta haɗa da ganin likitan ƙwaƙwalwa da kuɗin magani. Wanda ya je jinya kuma a ajiye masa gurbinsa. Idan ya dawo a sassauta masa na ɗan lokaci, a cire shi daga aikin dare, a bar shi ya je ganin likita ranar da aka ba shi ba tare da an zaftare masa albashi ba.