Baƙin mai, gumi da ƙura: Yadda mahaya keke a Kademi za su tsawaita ran tufafinsu

Idan kana son gane wanda ya saba hawa keke a Kademi, ko da ba ka ga keken ba, duba ƙafar wandonsa ta dama. Ta nan kaca take, ta nan kuma take barin tambarinta: baƙin zane da ke nan daram ko an yi wanki uku.

A wannan gari na Ƙaramar Hukumar Gaya, da ƙauyukan da ke kewaye da shi har zuwa Ajingi, keke bai taɓa barin hanya ba. Da shi manomi ke zuwa gona, ɗalibi ya tafi makaranta, ɗan kasuwa ya ɗaure buhu a kariya. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, har wasu masu babur sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu.

Sai dai abin da aka rage a gidan mai yana iya tafiya wajen tela. Yadi ya yi tsada, ɗinki ma haka, kuma rigar da ya kamata ta shekara biyu kan mutu cikin 'yan watanni, ba don tsufa ba, sai don irin wankin da ake yi mata.

Daga wajen mai gyara matsalar take farawa

Yawancin mahaya da baƙin man inji suke shafa wa kaca, domin shi ne ake samu a arha. Wannan mai ya riga ya kwashi toka da ɓurɓushin ƙarfe daga cikin inji. Idan aka zuba shi da yawa sai ya kama ƙurar hanya, ya zama wani kauri mai ci wa kaca haƙori, ya kuma manne wa duk yadin da ya taɓa shi.

Ɗigo kaɗan ya isa. Bayan an sa, a juya feda baya, a riƙe kacar da tsumma a goge wanda ya yi saura. Cikin gaɓoɓin kaca ne ake buƙatar mai, ba a bayanta ba.

Tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix da murfin kaca suke zuwa, amma da zarar ya fara ƙara sai a cire a jefar. Mayar da shi ya fi sayen sabon wando sauƙi. Wanda ba shi da murfi sai ya naɗe ƙafar wando, ko ya ɗaure ta da roba.

Wannan ba maganar tsafta kaɗai ba ce. Bakin babbar riga, ko doguwar jallabiya, ko hijabin wadda aka goya, na iya shigewa cikin kaca ko ƙafar baya. Idan haka ta faru keken tsayawa yake yi nan take, mahayi ya ci ƙasa. A tattare riga a zauna a kanta kafin a taka feda.

Idan mai ya riga ya taɓa yadi

Kuskuren farko shi ne tsoma rigar cikin ruwa. Mai da ruwa ba sa haɗuwa, don haka jiƙawa tana ƙara baza tabon ne. A fara da busasshen yadi: a ɗora sabulun wanke-wanke na ruwa ko a goga sabulun wanki a kan wurin, a murza da yatsa a hankali, a bar shi kamar minti 15. Sabulun ne ke kama man ya miƙa wa ruwa. Daga nan sai a ɗauraye, a sake idan da saura.

Kuskure na biyu shi ne guga. Zafin dutsen guga yana zaunar da tabon cikin zare, ya zama ba ya fita kuma. Kafin a miƙa kaya ga mai wanki da guga, a nuna masa wurin, a ce kada ya goge sai ya tabbatar ya fita.

Wasu kan zuba fetur ko kananzir. Yana narkar da mai, gaskiya ne, amma a gidan da ake girki da itace ko gawayi wannan wasa da gobara ne, kuma yana ƙona fata.

Ba kowane yadi ke son wanki iri ɗaya ba

Matasa da yawa yanzu da jesi suke hawa keke, ko na ƙwallo ko na tseren keke da ake tsinta a gwanjo, irin wanda ake sarowa daga Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano. Waɗannan ba auduga ba ne. Zaren roba ne da ake kira poliyesta, sau da yawa an gauraya shi da wani zare mai talewa da aka fi sani da Lycra, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1958.

Amfaninsu shi ne ba sa riƙe gumi, suna saurin bushewa. Illarsu kuwa wari. A 2014 masu bincike a Jami'ar Ghent da ke Beljiyam sun sa mutane taka keken motsa jiki na awa guda, wasu da rigar auduga, wasu da ta poliyesta. Da aka ajiye rigunan aka shinshina washegari, na poliyesta ne suka fi ɗoyi, saboda wani nau'in ƙwayoyin cuta ya fi samun wurin zama a kansu.

Darasin shi ne kada jesi ya kwana da gumi. A juya cikinsa waje, domin nan ne dattin jiki yake, a wanke da ruwan sanyi da ɗan sabulu kaɗan. Ruwan zafi da bilic suna kashe zaren mai talewa, riga ta saki ta zama kamar buhu. Kada a murɗe ta da ƙarfi, kada a buga ta a dutse, kada kuma a kusanta mata dutsen guga na gawayi, domin narkewa take yi.

Idan gajeren wando ne na 'yan tsere mai soso a ƙasa, doka ɗaya ce: hawa ɗaya, wanki ɗaya. Sai ya bushe sarai kafin a sake sa shi.

Auduga da shadda sun fi jure wahala, amma su ma suna da nasu. Gishirin gumi ne ke barin farin zane a baya da hammata, shi ne kuma ke dusashe launi idan ya daɗe. Shadda mai tsada ba ta doguwar tafiya a keke ba ce. Mai zuwa ɗaurin aure a wani gari gara ya ninke ta a leda, ya sa idan ya isa.

Kowane lokaci da nasa

Da hunturu, a kakkaɓe ƙura sosai kafin a jiƙa, in ba haka ba sai ta koma taɓo a cikin bokiti. Wannan ma yana rage ruwan ɗauraya, abin da duk mai sayen jarka a hannun 'yan garuwa ya san darajarsa.

Da damina, a bar taɓon da taya ta feso a baya ya bushe, a karkaɗe, sannan a wanke. Kada a tara jiƙaƙƙun kaya a lungu, funfuna ba ta jira.

Da bazara kuwa rana ce matsalar. Kaya masu launi da na roba a shanya su a inuwa mai iska, cikinsu a waje. Fararen auduga ne ke son rana.

Abin da fata ke biya

Wando mai danshin gumi da ke gogar jiki a kan sirdi shi ke kawo ƙaiƙayin matsematsi da ƙuraje. Ragowar garin sabulu da ba a ɗauraye ba shi ma yana cin fata. Mutumin da keke ne jarinsa, idan ya kasa zama a sirdi kwana uku, cinikin kwana uku ya tafi. Idan ƙaiƙayi ya ƙi tafiya ko wurin ya fara ruwa, a je asibiti, kada a yi ta shafe-shafe.

Mafi sauƙin dabara ita ce ware kaya kala biyu na hawa kawai: ɗaya a jiki, ɗaya a igiya. Sai kuma tsumma guda a ɗaure ƙarƙashin sirdi, domin ranar da kaca ta zame a tsakiyar hanya, a samu abin goge hannu ba gaban riga ba.