Alamomin Ƙoshin Jariri da Nonon Uwa

A ƙauyukan Gaya da Ajingi, da jariri ya yawaita kuka sai kakanni su ce nono bai ishe shi ba, a ƙara masa da ruwa. Amma kuka ba ma'auni ba ne, domin zafi ko jiƙaƙƙen zani ma kan jawo shi.

Abin dubawa na farko shi ne kamun mama. Jaririn da ya kama daidai yakan buɗe baki sosai, haɓarsa ta taɓa mama, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, har a ji haɗiyarsa. Idan kan nono yana yi wa uwa ciwo, galibi kamun ne ya ɓaci.

Abin da yake fitarwa ya fi wannan tabbas. Daga kwana na 5, ana son ya yi fitsari aƙalla sau 6 a kwana guda, kashinsa kuma ya sauya daga baƙi zuwa ruwan ɗorawa. 'Yar ramar kwanakin farko ba abin tsoro ba ce, matuƙar nauyin haihuwarsa ya dawo cikin mako 2. In bai dawo ba, ko fitsari ya yi ƙaranci, sai a kai shi asibiti mafi kusa a auna shi.